Jawabin Maraba ga Mai Girma Shugaban Majalisar Gunduma, daga Magoya Bayan Kulob ɗin Zangonmu a Accra

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jin Ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai Girma Shugaban Majalisar Gunduma, babban baƙonmu na yau, Mai Martaba Sarkin Zango da 'yan majalisarsa, Malam Liman da na'ibansa, sarakunan ƙabilun da muke zaune tare, na Dagomba da Mosi da Zabarma da Kotokoli da Fulani da Yarbawa, wakilin unguwarmu a majalisa, Magajiya da iyayenmu mata, Sarkin Samari, tsofaffin 'yan wasanmu, shugabannin kulob da suka amsa gayyata, 'yan'uwana magoya baya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya, sannu da cunkoson Accra. A madadin kowa da kowa a wannan rumfa, muna yi maka maraba da hannu bibbiyu. Mun san aiki ya yi maka yawa, ga magudanan ruwa da ke jiran gyara kafin damina, ga kasuwa, ga makarantu, amma da takardarmu ta iso ofishinka ba ka turo wakili ba, ka taso da kanka. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Da muka zauna shirya wannan taro, wasu sun ce a kama ɗakin taro mai fanka da kujeru masu laushi. Dattawa suka ce a'a, a kafa rumfa a bakin filin atisayen kulob ɗinmu da ake raɗe-raɗin sayarwa, baƙo ya ga abin da ake magana a kai da idonsa. Shi ya sa ka ga mun zaunar da kai cikin ƙura, ka yi mana afuwa. Filin sakora ne, ko tsinken ciyawa babu, ragar ma ɗinki ne a kan ɗinki. Amma duk wanda ya haura shekara 50 a zangon nan ya san yadda aka same shi. Iyayenmu ne suka ɗauki goro suka je gaban masu ƙasa, sarakunan Ga, suka roƙi wurin da yara za su riƙa wasa. Aka yi karo-karo a bakin masallaci bayan Juma'a. Mahauta suka bayar, direbobin trotro, wato ƙananan motocin haya, suka bayar, mata masu koko da ƙosai da masu wake da shinkafa suka kunce bakin zani. Da tsohuwar sidi aka yi wannan hidima, tun kafin canjin kuɗi na 2007, kuma akwai tsofaffi a nan da har yau rasiɗinsu na cikin adaka.

Ba sai na gaya maka abin da irin wannan fili ya haifa wa ƙasar nan ba. Baba Yara, wanda babban filin wasan Kumasi ke ɗauke da sunansa, ɗan Zango ne. Abdul Razak, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1978, daga Kumasi ya fito. A shekarar ce Ghana ta ɗauki kofin Afirka karo na uku a nan Accra, kuma a cikin tawagar akwai Mohammed Polo na Hearts of Oak, ɗan unguwar Nima ta nan Accra. Mohammed Kudus ma a Nima aka haife shi a 2000, a ƙurar unguwa ya fara da ƙungiyar yara kafin makarantar Right to Dream ta ɗauke shi, daga nan Denmark, daga nan Ajax, daga nan Ingila. Babu ɗayansu da ya fara a kan ciyawa. Abin da suka samu shi ne fili a kusa da gida, wanda yaro zai taka da ƙafa ya je bayan makarantar allo ya dawo kafin magariba. Kuma mutanen Zango sun biya wa ƙwallon ƙasar nan farashi mai tsada: ranar 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Accra, mutane fiye da 120 suka rasu a wasan Hearts da Kotoko, da yawansu 'ya'yan zangunanmu ne. Allah ya jiƙansu da rahama.

To, ranka ya daɗe, ga abin da ya tara mu. Watannin baya aka wayi gari aka ga masu awo a filin nan da na'urarsu mai ƙafa uku. Aka tambaye su, suka ce aiko su aka yi. Ba a jima ba aka ga an kafa duwatsun iyaka a gefen yamma, inda 'yan kolts, wato ƙungiyar ƙananan yaranmu, suke atisaye. Muka je wurin shugabannin kulob, suka ce ba a sayar ba, ana dai tattaunawa. Daga baya aka ce haya ce za a bayar. Daga baya kuma aka ce ɓangare kaɗan ne, kuma da kuɗin za a sayi wani fili mai faɗi a bayan gari. Magana uku daga baki ɗaya, kuma har yau babu takarda ko ɗaya da aka shimfiɗa a gaban jama'a. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya sa ka ji samari suna cewa an ci amana ke nan, kuma abin da ya sa kuɗin wata-wata na magoya baya ya tsaya cik.

Ina so in yi wa shugabannin nan adalci, tunda suna zaune a nan kuma 'yan'uwanmu ne, sahu ɗaya muke bi a masallaci. Riƙe kulob a ƙananan rukunonin gasar Ghana ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai kuɗin rajista, akwai motar zuwa wasan waje, akwai takalma da riguna, akwai jinyar yaron da ya karye, ga ɗan abin da ake ba 'yan wasa in an ci. Kuɗin ƙofa ba ya ko biyan ruwan sha, domin matasanmu sun fi son zama gaban talabijin su kalli gasar Firimiya ta Ingila. Sau da yawa daga aljihunsu shugabannin suke fitarwa, wannan mun sani, mun kuma gode. Fili kuwa a tsakiyar Accra yau ya zama zinariya. In mai gina benaye ya zo da jaka ya ajiye a gaban mutumin da bashi ya sha masa kai, ba kowa ne zai kau da ido ba. Ba mu ce su ɓarayi ba ne, kuma duk wanda ya faɗi haka a Facebook da sunanmu, ba da yawunmu ya faɗa ba. Abin da muka ce shi ne filin ba nasu ba ne. Riƙo aka ba su, kuma mai riƙon amana ba ya ciniki a bayan idon masu kaya.

Sayar da filin atisaye ba kullum ne yake zama masifa ba. Real Madrid ta rabu da tsohon filinta na cikin gari a 2001, aka gina dogayen benaye huɗu a wurin, ta biya basussukanta, ta gina sabon sansani a Valdebebas. Amma Real Madrid ta mambobi ce, su ke zaɓen shugaba, su ke iya sauke shi. A gefe guda kuma ga Brighton ta Ingila, inda Tariq Lamptey namu ya yi shekaru yana wasa. Shugabanninta sun sayar da filinsu na Goldstone a 1995 ba tare da sun tanadi wani ba. A 1997 kulob ɗin ya fita, aka rushe filin aka yi kantuna. Shekara biyu suna aron filin Gillingham, tafiyar fiye da kilomita 100, sannan suka dawo suka raɓe a wani ƙaramin filin guje-guje. Sai a 2011 suka sami gidan kansu. Shekara 14 ke nan suna gararamba, a ƙasar da ke da kuɗi da kotuna masu aiki. Mu nan in aka zuba kankare a filin nan, wa zai sake samo mana wani a cikin Accra?

Sai batun bayan gari. Ana ba mu misali da manya, wai ai Hearts of Oak a Pobiman take atisaye, Asante Kotoko kuma a Adako Jachie. Gaskiya ne. Amma waɗannan suna da motocin kansu, 'yan wasansu kuma albashi suke karɓa. Namu 'yan wasan, ɗaya ɗan koyon kanikanci ne, ɗaya yana taya mahaifiyarsa a kasuwa, sauran 'yan makaranta. Yaro mai shekara 12 ba zai shiga trotro biyu ko uku kullum don ya je atisaye ba, uwarsa ma ba za ta bari ba, kuma tana da gaskiya. In filin ya koma can, manya kaɗan za su bi shi, yaran kuwa lungu za su koma, kuma duk wanda ke rumfar nan ya san abin da ke jiran yaro a lungu, daga tiramol zuwa shagon caca. Ban da haka, filin nan ba na ƙwallo kaɗai ba ne. A nan muke sallar Idi, a nan ake wa'azin Ramadan, a nan ake kafa rumfar sadakar mamaci in gida ya yi kaɗan.

Akwai kuma tsoron da ba ma so mu ambata amma dole mu ambata. Kowa ya san yadda rikicin fili yake ƙarewa a Accra: fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku, kowa da indencarsa, wato takardar cinikin fili, shari'a ta yi shekaru a kotu, kafin nan an turo 'yan daban tsaron fili da adduna. Dokar da Majalisar Dokoki ta yi a 2019 kan ƙungiyoyin daba ta haramta wannan sana'a, Dokar Filaye ta 2020 ma ta sake haramta ta, amma ba ta ƙare ba. Samarinmu suna da zafin kai a kan filin nan. Dattawa ne suke danne su har yanzu, kuma ba ma so a kai ranar da danniyar za ta gagara.

Dokar Filayen nan ta 2020 ta ce sarki ko shugaban dangi da ke kula da ƙasar jama'a mai riƙon amana ne, wajibi ne ya yi aikinsa a fili, ya kuma ba da lissafi. In doka ta ɗora wa sarakuna wannan nauyi, shugaban kulob ɗin unguwa bai fi ƙarfinsa ba. Tsarin Mulkin 1992 kuma ya hana a mallaka wa kowa ƙasar sarauta mallaka ta har abada, haya ce ta wasu shekaru. Saboda haka tambayar farko ita ce, da wane sharaɗi masu ƙasa suka ba iyayenmu wurin nan, kuma sun san da cinikin da ake yi?

Nan ne muke neman ka shigo, ranka ya daɗe. Ba mu ce ka yi mana shari'a ba, kuma ba mu ce ka ƙwace wa kowa komai ba. Amma babu wanda zai aza bulo a filin nan sai da izinin gini daga majalisarka, kuma a ƙarƙashin dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, kwamitin da ke duba sauya filin wasa zuwa na gidaje ko shaguna kai ne shugabansa. Roƙonmu shi ne kada a ba da wani izini a kan wannan wuri sai an yi zama a gaban Mai Martaba Sarkin Zango da Malam Liman da wakilin masu ƙasa. A wannan zama a kawo asalin takardar filin da taswirarsa, a kawo sakamakon bincike daga Hukumar Filaye don a ga sunan wa ke kai a yau, a kawo duk wata yarjejeniya da aka sa wa hannu, in an karɓi kafin alƙalami a faɗi nawa ne kuma yana ina. A karanta da Turanci, a fassara da Hausa, tsohuwar da ta ba da kuɗin kokonta ta ji da kunnenta. In bayan haka jama'a suka ga maslaha a ba da wani ɓangare don a ceto kulob, to jama'a ne suka yanke, za mu bi. Amma daga nan gaba muna so a sa filin a hannun amintattu, cikinsu har da wakilin magoya baya da na iyaye mata, yadda mutum biyu ko uku ba za su iya rufe ƙofa su sa hannu ba.

Sannan tunda ga ka ga mu, bari mu ƙara da ɗan ƙoƙon bara. An kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017, kuma mun ga an shimfiɗa ciyawar roba da fitilu a wasu unguwanni, ciki har da Madina. Fili mai ciyawar roba yana kawo kuɗin haya daga makarantu da kamfanoni da masu wasan dare, wato zai iya ciyar da kulob ba tare da an yanki ko taku ɗaya an sayar ba. In Mai Girma zai sa mana baki a inda ya dace, shugabannin kulob da magoya baya za su rubuta takardar neman tare, sa hannunmu a shafi ɗaya. Mun riga mun faɗa musu haka, muna kuma maimaitawa a gabanka.

Yanzu Sarkin Samari zai miƙa maka takardar kokenmu mai ɗauke da sa hannu da dangwalen magoya baya. Bayan jawabinka, muna roƙon ka ɗan taka da mu zuwa gefen yamma ka ga duwatsun da aka kafa. Yaran kolts sun shirya maka wasan minti 20, kai za ka fara taɓa ƙwallon, sannan iyayenmu mata sun tanadi tuwo da fura a gidan Mai Martaba.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya zaunar da Zango da ƙasarmu Ghana lafiya, ya mai da kai gida lafiya. Barka da zuwa, ranka ya daɗe.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.