Fayint ko lita? Rikicin awon giyar famfo a Birtaniya

Kun ga hoton nan da ke ta yawo, wai sai bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai aka mayar wa mutanenta da fayint ɗinsu, wato ma'aunin da suke auna giya da shi? To, babu wanda ya taɓa ƙwace musu shi. Kafin wani ya harare ni, ba tallar giya nake yi ba. Maganar awo ce, mu kuwa da muka san rigimar mudu a kasuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ku dubi gilashin nan. Fayint ɗin Birtaniya ke nan, mililita 568. Na Amurka da ke gefensa 473 ne kacal.

Ga inda jama'a ke tuntuɓe. Da yawa sun ɗauka fayint al'ada ce kawai da aka kau da kai aka ƙyale. A'a, doka ce. Dokar awo ta 1985 ta ce giyar da ake tsiyayowa daga famfo a mashaya, da fayint za a sayar da ita: sulusi, rabi, ko ninkin rabi. A 2011 aka ƙara kashi biyu cikin uku. Wato mai mashayar da ya auna rabin lita ya miƙa, shi ne ya taka doka. Ku sake ji, lita ce haramtacciya a bakin famfon nan. Ita kuwa Tarayyar Turai tun 2007 ta sanar da cewa su riƙe abinsu har illa masha Allahu.

Abin dariyar, a kan wannan kanta ɗin dai, giyar kwalba da mililita take, wuski ma mililita 25 ko 35. Ma'aikaci ɗaya, awo biyu, ya danganta da inda ya miƙa hannu.

To me ya ɓace? Ku matso. Wannan ɗan tambarin kambin sarauta, shaidar cewa gilashin ya cika awo. A 2006 haruffan CE, alamar cika ƙa'idar Tarayyar Turai, suka maye gurbinsa, a 2022 aka ce mai so ya mayar da shi.

Ni a ganina ainihin rigimar tana saman gilashin: kumfa. Masu sana'ar sun ce in ruwan giyar ya kai kashi 95 cikin ɗari ya wadatar, ƙungiyar masu shan giya ta CAMRA kuma ta ce fayint aka biya, a cika shi. Ku kalli mutumin nan, ya tura gilashinsa a ƙara masa.