Darasi: Ƙarar ƙwas-ƙwas idan mota ta sha kwana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau wata Corolla aka kawo mana gareji. Mai ita ya ce duk sanda ya sha kwana sai ya ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga gaba, amma a miƙaƙƙen titi shiru kake ji. Har ya canza shokazoba biyu a wani wuri, kuɗi sun tafi, ƙara tana nan daram. Shi ya sa na ce a kunna kyamara, ku ga yadda ake gano ciwon kafin a taɓa aljihu.

Ban ɗauki sifana ba tukuna. Noti na taya na fara dubawa, don na sha ganin motar da aka yi wa faci aka manta ba a ɗaure ba. Waɗannan lafiyarsu ƙalau.

Sai muka fita fili. Na murɗe sitiyari har ƙarshe, na sa giya, na ɗan taka totur muna zagaye a hankali, gilashi a sauke. Na yi ta hagu, na yi ta dama, na kuma yi da baya. Ƙarar tana bin juyin taya, in na ƙara wuta ta ƙara sauri, in na miƙe sitiyari ta ɗauke. Wanda ya daɗe a sana'ar nan, da ya ji haka ya san kan shaf ne, wato gaɓar da ke ƙarshen ƙarfen da ke juya tayar gaba.

Matso da kyamarar nan, yaro. Kun ga wannan baƙar robar mai lanƙwasa-lanƙwasa a bayan taya? Ku dubi inda ta tsage. Ga giris ya fantsama a cikin rim, ƙura ta manne masa ya zama kamar taɓo. Motoci irin su Corolla, Golf da Accord, tayoyin gaba ne ke jansu, kuma su ne dai ke shan kwana. To shaf, ƙarfen da ke kawo ƙarfi daga giyabos zuwa taya, dole ya iya lanƙwasawa yana juyi. A cikin kan nan akwai ƙwallayen ƙarfe, yawanci 6, suna gudu a kan hanyoyinsu cikin giris. Robar nan ita ce rigarsu. Da ta yage, giris ya fita, yashi da ruwan damina su shiga, sai su riƙa cin ƙarfen kamar ana goga shi a dutsen niƙa. Idan an sha kwana ƙwallayen su faɗa inda ya cinye, shi ne ƙarar da kuke ji.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, da an ga tsagewar nan da wuri, roba da giris kawai za a saya. Amma tunda ya fara kuka, ko kwano guda na giris ka ɗura masa, shirun kwana biyu zai yi.

Ba kowace ƙara ce ta shaf ba fa. Mun ɗaga motar, ga kuma abin tokare a ƙasa, don ni ba na yarda yarona ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Ku kama taya sama da ƙasa ku girgiza. In tana wasa, ku zargi bol joyin, gaɓar da ke riƙe ƙafar taya daga ƙasa, ko boris, wanda taya ke juyawa a kansa. Ku kama ta hagu da dama, in akwai wasa, tayarod ne, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Idan kuma mota tana tsaye, kana murza sitiyari ka ji gwaf daga sama, duba kan shokazoba inda ya haɗu da bodi. Ƙwaram-ƙwaram a gargada galibi ɗan sandar sitabilaiza ne. Bol joyin shi ne ba a yi masa jinkiri, shi ke sa ka ga mota ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta kwanta. Wannan motar dai tayarta ba ta wasa ko kaɗan.

To aiki. Babban notin tsakiya ake fara sassautawa tun taya tana ƙasa, don yana da taurin kai. Sai a cire taya, a raba bol joyin, a ja hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a kai, gefe, shaf ya zame. A yanke tsohuwar roba, a buge kan ya fita. Akwai ɗan zoben ƙarfe da ke riƙe shi, kada ya ɓata. Idan shaf ɗin gaba ɗaya za ku zare, ku tara kwano, man giya zai zubo, kuma ku tuna ku cika shi bayan an gama.

Wajen sayen kaya, ko Ƙofar Ruwa za ku a Kano ko Panteka a Kaduna, ku tafi da tsohon a hannu. Ku ƙirga haƙoransa na ciki da na waje, in motar mai ABS ce, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, ku ƙirga na zoben da ke jikin kan ma, in ba haka ba fitila ta kama a dashbod. Ɗan Beljiyam mai kyau ya fi sabo na bogi, amma ku murza shi da hannu, in kun ji yana tuntuɓe ku ajiye musu abinsu.

Baƙin giris ɗin da ya zo da shi za ku sa, ba na boris ba. A ɗaure robar da maɗaurinta na ƙarfe. Masu ɗaurewa da waya ko tsinken tib, don Allah ku bari, wata guda ba ya yi. Babban noti kuma a ɗaure shi yadda kamfani ya ce, a sa masa makullinsa. Da tayarod muka canza, da sai mun kai ta alaimen a daidaita tayoyin, amma yau babu buƙata.

Yaro, sauke ta. Miƙo makulli mu koma filin nan, mai mota ya murɗe sitiyarin da hannunsa ya saurara.