Almakashin Batir da Bishiyoyin Gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zuwa. Yau za mu yi magana a kan kayan aikin nan masu batir da ake yi wa bishiya aski da su: almakashi mai kunama (wato maɓallin da ake ja da yatsa, irin na bindiga), ƙaramin zarto mai sarƙa, da kuma zarton da ke kan doguwar sanda.

Asalin almakashin nan ba don bishiyoyin gida aka ƙera shi ba. A Faransa ne, a shekarar 1984, Daniel Delmas ya fito da shi domin ma'aikatan gonakin inabi, waɗanda ke wuni suna datse rassa har hannu ya kumbura. Da batirin litiyam ya shigo kasuwa a 1991, daga baya kuma ya ƙara ƙanƙancewa, sai abin ya zo hannun kowa. Yanzu dattijo mai ciwon gaɓoɓi ma yana iya gyara mangwaronsa da kansa, kuma wannan alheri ne babba.

To amma ku ba ni hankalinku a nan. Da can, gajiya ce ke taka wa mai yanka burki. Kafin mutum ya gama da reshe ɗaya da zarton hannu, ya yi gumi, ya tsaya ya dubi bishiyar, ya sake shawara. Yanzu fa? Ka taɓa kunama kawai, "ƙyat!", reshe mai kaurin santimita 3 ya faɗi. Daɗin aikin sai ya ɗebi mutum, kafin ya farga bishiyar ta zama kwarangwal. Shi kuwa ganye shi ne ke haɗa wa bishiya abinci. Saboda haka kada ku cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassan da ke da ganye a shekara guda. Ni shawarata, a ajiye almakashin tukuna, a zagaya bishiyar da alli, a sa alama a busasshen reshe, da mai cuta, da wanda ke gugar ɗan'uwansa, da tohon da ya miƙe tsaye a tsakiya yana tare haske. Abin da aka sa wa alama, shi kaɗai za a yanke.

Kowace bishiya kuma da halinta. Mangwaro a ƙarshen reshe yake yin fure, don haka da an gama cire 'ya'ya ake masa aski. Lemo ba ya son yawan yanka. Idan aka tsiraita shi, rana ta ƙone masa ɓawo. Tuffa kuwa, a inda ake sanyi, sai ta zubar da ganye ake taɓa ta.

Sai wurin da za a ɗora wuƙa. Ku je ku duba gindin kowane reshe, daidai inda ya haɗu da uwar bishiya, za ku ga ɗan kumburi ya kewaye shi, ɓawon wurin ya tattare. Wani masanin gandun daji na Amurka, Alex Shigo, ya nuna cewa bishiya ba ta warkewa irin yadda fatarmu ke yi; killace raunin take yi, ta rufe shi da sabon itace, kuma daga wannan kumburin rufewar ke farawa. Idan ka share shi, ka buɗe wa ruɓa hanya. Idan ka bar dogon guntu, shi ma ruɓewa zai yi. A yanke dab da kumburin, a bar shi lafiya lau, kuma babu buƙatar shafa fenti. Reshe mai nauyi sau uku ake yankarsa: a ɗan tsaga ta ƙasa, a yanke ta sama can gaba kaɗan ya faɗi, sannan a cire guntun. In ba haka ba, yana faɗuwa zai saɓule ɓawon har ƙasa.

Yanzu maganar yatsu, kuma don Allah kada a ɗauke ta da wasa. Almakashin nan bai san bambancin reshe da yatsa ba, safar hannu kuma ba ta hana shi. Hatsarin yakan zo ne ta hannun da ke riƙe da reshen, lokacin da ganye ya ɓoye shi. Idan ba ka ganin hannunka na hagu, kada ka taɓa kunama. A sa tabarau. Kada a hau tsani da zarto mai sarƙa; abin da ya sa aka yi na sanda ke nan. Reshen da ke kusa da wayar lantarki kuwa a bar wa masu aikin wuta.

Wani bawan Allah daga baya can ya tambayi yadda ake kula da kayan. Malam, kafin ka goge ko ka wasa, fara cire batir. Ka goge bakin da sifirit idan za ka tashi daga wata bishiya zuwa wata, domin wuƙa tana ɗaukar cuta. Ka riƙa ɗiga wa sarƙa mai, ka duba ko ta saki. Batir ba ya jure zafi, kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe. Idan za a daɗe ba a yi aiki ba, a ajiye shi da kusan rabin caji, inda yara ba za su kai ba. Wanda ya kumbura ko ya tsage, kada a sake sa shi a caji.