Cándido Camero: makaɗin da ya ɗauki aikin mutum uku da hannu biyu

Ranar 7 ga Nuwamba, 2020, Cándido Camero, makaɗin gangar konga ɗan ƙasar Kyuba, ya rasu a birnin New York yana da shekara 99. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗi ɗaya a bayan dogayen ganguna biyu ko uku, yana dukansu da tafin hannu, kowace da muryarta, to ya ga wani abu daga cikin gadon wannan dattijo. A yau abin ya zama ruwan dare, har mutum zai ɗauka haka aka taso aka gani. Ba haka ba ne. A Kyubar da aka haifi Cándido, ganga ɗaya makaɗi ɗaya ne.

An haife shi a 22 ga Afrilu, 1921, ya tashi a Habana, babban birnin Kyuba. Da gwangwanin madara ya fara koyon kiɗa yana ɗan yaro, aka haɗa masa guda biyu a matsayin bongo, wato ƙananan tagwayen ganguna. Daga baya ya iya tres, wata garaya irin ta Kyuba mai tsirkiya shida da aka jera bibbiyu, ya kuma iya babban goge mai kaurin murya da ake kaɗawa a tsaye. Ku riƙe wannan a rai, domin kunnen da ya saba da tsirkiya shi ne daga baya ya ji cewa ganga ma tana iya rera waƙa.

Gangar da muke magana a kai sunanta konga, 'yan Kyuba kuma suna ce mata tumbadora. Tushenta yana komawa ga bayin da aka kwaso daga yankin Kongo, masu gangunan yuka da makuta. A tsibirin sun zauna da Yarbawa, waɗanda ake kira Lukumi, masu gangunan bata, da mutanen yankin Kalaba da suka kafa ƙungiyar Abakuwa. Sai a 1886 aka soke bauta a Kyuba, wato shekara 35 kacal kafin haihuwar Cándido. Kiɗan da ya ji a unguwarsu, na 'ya'yan waɗannan mutane ne da jikokinsu.

Ku dubi jikin gangar. Tsayinta kusan inci 30, an haɗa ta da tsagaggun katakai kamar yadda ake haɗa ganga ta zuba ruwa, ciki ya ɗan kumbura, gindi a buɗe, fata a bakin sama kawai. Girma uku aka fi sani. Ƙarama ita ce kinto, faɗin bakinta inci 11, muryarta siririya, ita ke magana. Ta tsakiya konga, inci 11 da kashi uku cikin huɗu. Babba tumba, inci 12 da rabi, mai kaurin murya. A kiɗan rumba na asali kowace da mai ita: biyu suna riƙe gindin kiɗa suna amsa wa juna, mai kinto kuma yana bin ƙafar mai rawa, duk inda ya taka ya amsa masa.

A 1946 aka gayyaci wasu shahararrun 'yan rawa biyu, Carmen da Rolando, zuwa New York. Kuɗin tafiya bai isa a ɗauki makaɗa biyu ba. Cándido ya ɗauki aikin duka: hannun hagu ya riƙe gindin kiɗa a kan babbar ganga, na dama yana yin aikin kinto yana bin masu rawa. Rashin kuɗi ne ya kawo dabarar, amma shekarun da ya yi yana horar da hannayensa a gidan rawa na Tropicana da gidajen rediyon Habana su suka sa ta yiwu. Daga baya ya ƙara ganga ta uku, ya ɗaura wa kowace murya daban. Bai tsaya nan ba. Ya maƙala guiro, wato doguwar ƙwarya mai zane-zane da ake karcewa da tsinke, ya kuma haɗa ƙararrawar shanu da abin takawa, ƙafa na buga ta. Mutum ɗaya, aiki uku, kuma kowane a kan lokacinsa.

Don a gane nauyin wannan, sai an san abin da hannu ke yi a kan fata. Bugu biyar ne tushe.

Buɗaɗɗen bugu: yatsu huɗu a haɗe, su sauka kusa da baki, inda gindin yatsu ya yi daidai da gefen fata, su tashi nan take. Shi ne ainihin muryar gangar. In yatsu suka daɗe ko da ƙiftawar ido, muryar ta mutu. Rufaffen bugu wuri ɗaya ne da shi, sai dai yatsu suna zama a kan fata su danne ta. Bugun ciki kuwa tafin hannu gaba ɗaya ne a tsakiyar fata, kuma ba zai fito ba in gindin ganga na zaune daram a ƙasa, domin iskar ba ta da hanyar fita. Shi ya sa za ku ga makaɗi ya ɗan karkata gangar gaba, ko ya ɗaga ta da ƙafafunsa.

Na huɗu shi ne mari, kuma shi ne ke kai sabon ɗalibi ga yanke ƙauna. Hannu a sake, a ɗan lanƙwashe kamar za a ɗebi ruwa, gindin tafi ya sauka a gefe, kan yatsu su faɗa kan fata kamar bulala su tsaya. Sautin da ake nema busasshe ne, ƙas. Kuskuren kowa ɗaya ne: ya ga mari bai fito ba sai ya ƙara ƙarfi. Ƙarfi yana sandarar da wuyan hannu, sandararren hannu kuma ba ya yin bulala. Abin da ke biyo baya shi ne kumburin gindin yatsu da tsagewar fata. A rage ƙarfi, a saki wuyan hannu, a yi ta maimaitawa a hankali. Wata da watanni yake ɗauka, babu gajeriyar hanya.

Na biyar ba a cika jin sa daga nesa ba, amma shi ne ƙashin bayan kiɗan: gindin tafi ya sauka, sannan kan yatsu su biyo, hannu na lilo. Hannun hagu ne ke wannan aiki.

Yanzu a haɗa su. Salon da ake kira tumbawo gurbi takwas gare shi. Ga mai amfani da hannun dama: gurbi na ɗaya gindin tafin hagu, na biyu yatsun hagu, na uku mari da dama, na huɗu yatsun hagu, na biyar gindin tafin hagu, na shida yatsun hagu, na bakwai da na takwas buɗaɗɗen bugu biyu da dama. Lokacin marin, hannun hagu na kwance a kan fata, shi ke sa sautin ya bushe. Ku lura cewa bugun da ya fi fitowa ba a farkon ƙirga yake ba, a ƙarshe yake, yana tura kiɗan gaba. Ɗalibi yakan yi gaggawar waɗannan biyun na ƙarshe, sai kiɗan ya riƙa gudu ba tare da ya sani ba. Maganinsa a ƙirga da baki, a bar hannun hagu ya zama shi ne agogo.

Duk wannan kuma yana rataye ne a jikin klabe, sanduna biyu gajeru da ake bugawa da juna. Bugu biyar ne cikin gurbi 16: na 1, na 4, na 7, sannan na 11 da na 13. Uku a rabin farko, biyu a rabi na biyu. A rumba, bugu na uku yana jinkirtawa zuwa gurbi na 8. Waƙa na iya farawa daga ɓangaren uku ko daga ɓangaren biyu, amma da zarar ta fara ba a juyawa. Ga inda ganga ta biyu ke shigowa: a ɓangaren uku, hannun dama yana barin konga ya je tumba ya yi buɗaɗɗen bugu a gurbi na 4 da na 5, ya dawo. Wanda ya kai wannan bugu ɓangaren biyu ya saɓa wa klabe, kuma ɗan Kyuba zai ji shi nan take, kamar yadda Bahaushe ke jin an karya karin waƙa. Abin da mutum biyu ke yi da can suna kallon juna, shi ne Cándido ya mayar tafiyar hannu ɗaya tsakanin fata biyu.

Batun murya kuma, kwatanci da kalangu zai taimaka. Mai kalangu yana matsa tsirkiya a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau, ya saki ta sauka. Ganga ɗaya tana ba shi muryoyi da yawa. Konga ba ta da wannan. Muryar da aka ɗaura mata ita ce tata har a tashi. In kana son muryoyi uku, sai ganguna uku. Kuma a da, ƙusa ake buga wa fatar a jikin katako, in ta saki sai a kai ta bakin wuta ta ɗaure, minti kaɗan ta sake saki, musamman a garin bakin teku mai laima irin Habana. Zuwan zoben ƙarfe da ƙugiyoyi masu noti, wanda ake yawan haɗa yaɗuwarsa da sunan makaɗin konga ɗan Kyuba Carlos Patato Valdés, shi ya ba makaɗi damar ɗaura murya ta zauna. Ba tare da wannan ba, ganguna uku masu rera waƙa da sun tsaya a mafarki.

Ga yadda ake ɗaurin. Kowace ganga tana da ƙugiya biyar ko shida, ana juya notinsu da sufana, galibi mai rabin inci. Kwata ɗaya na juyi ga kowane noti, a zagaye su duka, sannan a buga a saurara, a sake zagayawa. Kada a ɗaure ɗaya har ƙarshe kafin a taɓa saura: zobe zai karkace, fata ta ja gefe ɗaya, kuma bakin gangar kansa na iya lanƙwashewa ya daina zama da'ira. A duba tazarar zobe da bakin ganga, ta zama daidai ko'ina. A ƙwanƙwasa da yatsa kusa da kowace ƙugiya, inda sauti ya yi ƙasa nan ne ke buƙatar ƙari. Tsakanin konga da tumba, yawancin makaɗa suna barin tazarar murya huɗu, kinto kuma a sama da su. In an gama kiɗa a sassauta, musamman kinto da ta fi ɗauri. Fatar dabba tana shan laima ta saki, ta bushe ta ƙara ɗaurewa da kanta. Gangar da aka bari a ɗaure cikin zafin mota ko busasshiyar iska, fatarta na iya fashewa ba wanda ya taɓa ta.

In za a sa sabuwar fata, ta saniya ce aka fi samu, kinto a ba ta mara kauri, tumba mai kauri. A jiƙa ta a ruwan sanyi na sa'o'i har ta yi laushi, ruwan zafi yana lalata ta. A ɗora, a kama notuna kaɗan kawai, a bar ta a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu ta bushe sarai kafin a ɗaura murya. Mai gaggawa ya ɗaure jiƙaƙƙiyar fata, zobe zai sauka ƙasa da yawa, fatar ta miƙe fiye da kima, ba kuma za ta dawo ba. Lokaci-lokaci a shafa mata ɗan mai, 'yan Kyuba da manja suke yi, kaɗan ƙwarai, domin in ya yi yawa murya na dusashewa.

Sai hannu. A hotunan Cándido za ku ga farar filasta a yatsunsa. Tana kare gaɓoɓi daga tsagewa, ba ta gyara bugun da ba daidai ba. A cire zobe da agogo kafin a fara. Akwai kuma abin da likitoci suka sani game da masu kiɗan tafi: bayan dogon kiɗa mai ƙarfi fitsari na iya yin ja, saboda ƙwayoyin jini suna fashewa a tafin hannu. A sha ruwa sosai, a huta, in ya maimaitu a ga likita. Alama ce ta cewa ana duka fiye da yadda ake bukata, kuma nan ne darasin Cándido ya fi fitowa. Mutum ba ya kai shekara casa'in da ɗoriya yana kiɗa a gaban jama'a in da ƙarfi yake dukan ganga.

Bayan an kashe Chano Pozo a unguwar Harlem ta New York a Disambar 1948, makaɗi ɗan Kyuba da ya shahara da kaɗa konga cikin ƙungiyar jaz ta mai busa kakaki Dizzy Gillespie, Cándido na cikin waɗanda suka ci gaba da wannan aiki. Ya yi kiɗa da Gillespie, da shugaban ƙungiyar jaz Stan Kenton, da mai fiyano Billy Taylor. A 1979 ya sake kaɗa Jingo, waƙar Babatunde Olatunji ɗan Najeriya, ta shiga gidajen rawa a ƙasashe da dama. A 2008 hukumar raya fasaha ta Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da take ba mawaƙan jaz.

Wanda ke son jin abin da muka bayyana da kunnensa, ya nemi faifan da ya yi da Billy Taylor a 1954. Kayan kiɗan ba su da yawa, don haka konga na fitowa sarai. A saurara sau biyu. Karon farko a bi hannun da ke magana, marinsa da buɗaɗɗen bugunsa. Karo na biyu a manta da shi gaba ɗaya, a kasa kunne can ƙasa, a nemo ɗayan hannun da ke lilo a hankali, gindin tafi, yatsu, gindin tafi, yatsu, a ga ko zai kauce ko sau ɗaya.