Amsoshin Tambayoyinku: César Milstein da ƴar robar gwajin zazzaɓi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Yamai. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wani malamin makaranta a unguwar Bukoki. Ya ce ya kai ɗansa gidan likita jiki zafi rau, aka soke shi a yatsa, aka ɗiga jinin cikin wata ƴar farar roba, kafin minti 20 layi biyu suka fito, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Yana tambaya: mene ne cikin robar nan, kuma aikin wane ne?

Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Cikin robar akwai siririyar takarda da aka shafa wa sinadaran garkuwar jiki, waɗanda likitocinmu ke ce wa antikor. A yawancin robobin, abu guda tak suke kamawa, wani furotin mai suna HRP2 da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wato Plasmodium falciparum, ke saki cikin jini. In sun same shi, sai layi na biyu ya bayyana. Kamfanoni da yawa ke ƙera robar, amma dabarar samar da antikor iri ɗaya masu ɗimbin yawa daga César Milstein ta fito.

An haife shi a 1927 a Bahía Blanca, ƙasar Ajantina. Ilimin sinadarai ya karanta a Buenos Aires, a 1958 ya tafi Kambirij ta Ingila, inda ya yi aiki da masanin sinadarai Fred Sanger. Ya koma gida a 1961, sai soja suka yi juyin mulki a 1962, aka kori shugaban cibiyar binciken da yake aiki a ciki da wasu abokan aikinsa. Ya ajiye aiki, a 1963 ya sake komawa Kambirij, kuma Sanger ne ya ba shi shawara ya karkata ga garkuwar jiki.

To, Malam, shi fa ba gwaji ko magani ya fita nema ba. Abin da ya hana shi barci shi ne: yaya jiki ke ƙera antikor iri-iri har miliyoyi, har da na cutar da bai taɓa gamuwa da ita ba? Don ya gane haka, yana bukatar ƙwayar halitta mai fitar da sanannen antikor guda ba fasawa. Masu fitarwar kuwa ba sa daɗewa a kwalba suke mutuwa, su kuma ƙwayoyin wata sankara da ake kira miyeloma ba sa daina hayayyafa. Sai shi da wani matashi Bajamushe, Georges Köhler, suka yi wa ɓera allurar jinin tunkiya, suka ɗebo ƙwayoyi daga saifarsa, suka haɗe su da na sankarar. Abin da ya fito kamar alfadari ne, ya ɗauko halin uwa da na uba, sai dai shi wannan yana haihuwa ba iyaka. Mujallar Nature ta buga aikin a watan Agusta 1975. A 1984 su biyun suka raba kyautar Nobel da Niels Jerne, wani masanin garkuwar jiki.

Wata ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni ta rubuto tana tambaya ko Milstein ya yi arziki da wannan aiki, da kuma inda tasirinsa ya kai.

Ƴar'uwa, ba a yi wa dabarar rajistar mallaka ba. Hukumar da ke kula da haka a Birtaniya ba ta hango amfaninta na kusa ba, daga baya wasu a Amurka suka yi rajistar wasu sassanta, Firaminista Margaret Thatcher ta yi ta faɗa. Milstein kam ya riƙa aika ƙwayoyinsa ga masu bincike da suka roƙa. A ganina Birtaniya ta yi asarar kuɗi, amma hakan ya sa aikin ya yaɗu da wuri. A 1986 Amurka ta amince da maganin farko na wannan iri, don masu dashen ƙoda. A 1998 Herceptin ya fito don sankarar mama. Greg Winter, a cibiya ɗaya da Milstein, ya gano yadda za a gyara antikor na ɓera jikin mutum ya karɓa, ya samu Nobel a 2018. Ga maƙwabciyarmu Mali ma: sakamakon gwajin da aka fitar a 2022 ya nuna ƙarin ruwa guda na antikor CIS43LS ya kare manya daga kamuwa da ƙwayar zazzaɓin da kusan kashi 88 cikin 100 tsawon wata shida. Milstein ya rasu a 2002, yana bakin bincike har ƙarshe.

Sai wata Hajiya daga Tawa da ta ce ƴarta ta shanye magani, aka sake gwaji, har yanzu layi biyu. Hajiya, furotin ɗin kan yi makonni cikin jini bayan ƙwayar ta mutu. In zazzaɓin bai sauka ba, a koma gidan likita a duba jinin da madubin likita, kada a ƙara magani da ka.