An kashe maka ɗan'uwa, an ce ka yafe: me Littafi Mai Tsarki ya ce kan gafara da ramuwa?

Salama gareku 'yan'uwa. Maganar yau tana da nauyi, duk wanda ciwonsa sabo ne yayi haƙuri damu. Yau ba zancen wanda ya zage ka a Facebook zamu yi ba, zancen wanda ya kashe maka mutum ne, ya cinna wa gidanka wuta, ko ya ɗauke maka yaro ya kai daji sai da aka sayar da gona da babur kafin ya dawo. Mu a Kaduna ba sai an bamu labari ba. Rikicin shari'a na Fabrairu 2000, na Miss World a Nuwamba 2002, na bayan zaɓe a Afrilu 2011, har garin ya zama kowa ya san gefen gadar da yake kwana. A Yuli 2021 kuma aka shiga makarantar Bethel Baptist aka kwashe ɗalibai sama da 120.

To sai kaga ana zaman makoki, ko kwana uku ba'a yi ba, wani ya zo ya zauna kan benci yace wa matar da aka kashe wa miji, mama kiyi haƙuri ki yafe, ai ke mai bi ce. Niyyarsa mai kyau ce amma yayi gaggawa. Littafi Mai Tsarki bai taɓa cewa kayi kamar ba'a yi maka komai ba. Kisan farko a Farawa sura 4, Allah da kansa ya ce wa Kayinu jinin ɗan'uwanka Habila yana yi mini kuka daga ƙasa. Zabura 94 tana tambayar Ubangiji har yaushe mugaye zasu yi ta murna. A Wahayin Yahaya 6:10 waɗanda aka kashe saboda bangaskiya suna ɗaga murya suna cewa har yaushe zaka ƙi rama jininmu, kuma babu wanda ya tsawata musu. In ranki ya ɓaci mama, ki faɗa wa Allah yadda yake, ba zunubi bane.

Matsalar tana farawa ne lokacin da mutum ya ɗauki adda da hannunsa. A wannan sura 4 ɗin akwai wani jikan Kayinu, Lamek, yana yi wa matansa biyu kirari wai ya kashe mutum don ya ji masa rauni, wai in za'a rama wa Kayinu sau 7 to nasa sau 77 ne. Haka ramuwa take, bata tsayawa daidai inda laifi ya tsaya, shi yasa Bahaushe yace ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Dokar nan ta ido don ido da mutane ke yawan jawowa, je ka karanta Maimaitawar Shari'a 19 daga aya 16, a gaban firistoci da alƙalai ake yinta bayan an yi bincike sosai, kuma iyaka ce aka sa, ido ɗaya a bakin ido ɗaya, ba unguwa guda ba. Har birane 6 na mafaka aka ware a Littafin Ƙidaya 35 don wanda yayi kisa ba da gangan ba ya gudu can, kada mai ramuwar jini ya cim masa kafin a yi shari'a.

Ga abin da yake faruwa in ba'a bi haka ba. Farawa 34, ɗan sarkin Shekem yayi wa Dinatu 'yar Yakubu fyaɗe, laifi babba babu wasa. 'Yan'uwanta Saminu da Lawi suka shiga garin da takobi suka kashe duk maza. Mutum ɗaya yayi laifi, gari guda ya biya, kuma har Yakubu yana bakin mutuwa a sura 49 bai manta ba, sai da ya la'anci fushin nan nasu. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun ga wannan a nan. Ranar 17 ga Yuni 2012 aka tada bam a coci-coci a Zariya da Kaduna, abin baƙin ciki, amma bayan nan matasa suka tare hanya suka far wa masu wucewa, direba da fasinja da mai neman abincinsa da basu san hawa ba basu san sauka ba. Waɗanda suka shirya bam ɗin basa cikin motocin nan. Jinin waɗannan ma yana kuka daga ƙasa, kuma Allahn da ya ji na Habila yana jin nasu.

Shi yasa manzo Bulus ya rubuta a Romawa 12:19 cewa kada ku rama da kanku, ku bar wa Allah, ramuwa tasa ce shi zai sāka. Lura, bai ce babu sakayya ba, cewa yayi ba hannunka ne zai yi ba. Kuma kada ka rufe littafin a nan, juya zuwa 13:4, yace mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, bawan Allah ne don hukunta mai mugunta. Kenan zaka iya yafe wa mutum a zuciyarka kuma kaje caji ofis ka shigar da ƙara, ka tsaya a kotu ka bada shaida, babu karo tsakanin biyun. Duk wanda yace wa yarinyar da aka ci zarafinta ta janye ƙara don a rufa wa ikilisiya asiri, wai sunan gafara, ya zalunce ta karo na biyu.

Masu mulki kuma su ji nasu. 2 Sama'ila 13, Amnon ɗan sarki Dawuda ya lalata 'yar'uwarsa Tamar, sarki Dawuda ya ji yayi fushi ƙwarai amma bai yi komai ba. Absalom, wani ɗan Dawuda kuma ɗan'uwan Tamar, ya haɗiye abin shekara 2 cur, ko uffan bai ce ba, sannan ya gayyaci Amnon biki yasa aka kashe shi, daga nan gidan Dawuda bai sake zama lafiya ba har ta kai ga yaƙi tsakanin ɗa da uba. In ana kafa kwamiti bayan kowane rikici ana rubuta rahoto babu wanda aka hukunta, to Absalom ake renon.

To ita gafarar yaya take a aikace? Dubi Yusufu. Yana shekara 17 'yan'uwansa suka sayar dashi azurfa 20, sama da shekara 20 kafin su sake haɗuwa, yanzu kuma shine mai iko a Masar, kalma ɗaya zai faɗa a gama dasu. Bai rama ba, amma kuma bai rungume su ranar farko ba. Ya tsare Saminu, yasa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun Biliyaminu don yaga ko zasu sake yada ƙaninsu su tafi, sai da Yahuza ya fito yace a riƙe ni a bar yaron, sannan Yusufu ya fashe da kuka. Ko a lokacin ma bai ɓoye laifin ba, cewa yayi nine Yusufu ɗan'uwanku wanda kuka sayar. Daina neman jininsu abu ɗaya ne, sake yarda dasu abu ne daban da yake jiran tuba, kamar yadda Yesu ya faɗa a Luka 17:3, ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Amma Yesu a kan gicciye da Istifanas, mai bi da aka kashe saboda bangaskiyarsa, ana jifansa basu jira kowa ya tuba ba kafin su roƙa musu gafara. Da Bitrus ya tambayi Yesu ko yafewa sau 7 ya isa a Matiyu 18, amsar da ya samu lissafin Lamek ne aka juya daga ramuwa zuwa gafara.

In kace ai wannan na mutanen da ne, ga Fasto James Wuye a garin nan. A rikicin 1992 ya rasa hannunsa na dama, shi kuma Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, kowa yana jagorantar matasan ɓangarensa. Sun haɗu a 1995 suka fara aikin sulhu tare, kuma Wuye da bakinsa ya faɗa cewa sai da ya ɗauki shekaru suna tafiya tare yana jin ya kashe Ashafa kafin abin ya fita daga ransa. Hannun dai bai dawo ba, na roba yake sawa.

Don haka in kunje gidan makoki irin wannan, ku zauna, ku kai abinci, 'yan zumuntar mata su riƙa leƙowa bayan baƙi sun watse, wani dattijo ya raka iyalin wurin 'yan sanda, wani kuma ya zauna da samarin gidan a daren nan kada su fita. A bidiyo na gaba zamu buɗe Zabura 109 mu ga yadda ake addu'a lokacin da fushin bai sauka ba tukuna.