Tafiya Ƙasar Waje da Tikitin Zuwa Kaɗai: Wane Ne Ke Tambayar Tikitin Fita, Kuma Don Me?

Masu kallo, assalamu alaikum. Matafiyi ya isa filin jirgin sama da jakarsa, fasfonsa bai ƙare ba, bizarsa tana manne a ciki, ya miƙa takardunsa a kantar kamfanin jirgi. Ma'aikaciyar ta duba allon kwamfutarta, ta ɗago kai ta ce masa: "Ranka ya daɗe, ina tikitin dawowarka?" Shi kuwa tikitin zuwa kaɗai ya saya, domin bai tsayar da ranar komowa ba. A wannan kanta ce tafiyar mutane da yawa take tsayawa, tun kafin su ga ƙofar jirgi, kuma abin da ya fi ban takaici shi ne yawancinsu ba su yi niyyar karya wata doka ba.

Abin da ake nema a wurin baƙo shi ne shaidar cewa zai bar ƙasar da zai shiga kafin wa'adin da aka ba shi ya cika. Shaidar tana iya zama tikitin komawa inda ya fito, tana kuma iya zama tikitin wucewa zuwa wata ƙasa ta uku wadda yake da izinin shigarta. Wannan sharaɗi ya fi shafar masu ziyara ta ɗan lokaci, wato 'yan yawon buɗe ido da 'yan kasuwa da masu zuwa ganin dangi, musamman waɗanda suke shiga ba tare da biza ba ko suke karɓarta bayan sun sauka.

Akwai ƙofofi biyu da matafiyi zai wuce, kuma mutane sun fi sanin ta biyun, wato jami'in shige da fice na ƙasar da ake sauka. Ta farko ita ce kamfanin jirgin sama, kuma sau da yawa ita ce ta fi tsauri. Dalilin ya samo asali ne daga Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a birnin Montreal na ƙasar Kanada. Ƙari na 9 na yarjejeniyar ya ɗora wa kamfanin jirgi nauyin kwashe duk fasinjan da ya kawo aka hana shi shiga. A kan wannan kuma ƙasashe da dama suna cin kamfanoni tara. Birtaniya, alal misali, tana iya cin kamfani tarar fam 2,000 a kan kowane fasinja da ya kawo ba tare da ingantaccen fasfo ko bizar da ake buƙata ba. To, kamfanin da ya san cewa shi zai biya kuɗin kujerar da za a mayar da mutum, dole ne ya bincika tun a ƙasa.

Ita ma'aikaciyar kanta ba son ranta take bi ba. Allon da take dubawa yana haɗe da wani rumbun bayanai mai suna Timatic, wanda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, take kula da shi. Za ta shigar da ƙasar da ta ba da fasfo, da ƙasar da za a sauka, da inda za a yada zango, sai ya nuna mata sharuɗɗan. Idan ya ce ana buƙatar tikitin fita, gardama da ita ba za ta haifar da ɗa mai ido ba, ko da kuwa wani abokinka ya taɓa shiga wannan ƙasa ba a tambaye shi komai ba. Gaskiya ne jami'an shige da fice ba kowa suke tambaya ba, amma rashin tambayar wani bai soke dokar a kanka ba.

Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a nan ne ya kamata a natsu. Wasu ƙasashe sun rubuta sharaɗin ƙarara: Filifin, da Indonesiya ga masu karɓar biza a filin jirgi, da New Zealand ga masu shiga ba biza, duk suna neman tikitin fita. Amurka tana neman sa daga masu shiga ta tsarin ɗage biza na kwana 90, kuma akwai wani sharaɗi da ke kama mutane: tikitin da ya ƙare a Kanada ko Meziko ko tsibiran Karibiyan ba ya wadatarwa, sai idan matafiyin mazaunin can ne. Birtaniya kuwa ba ta wajabta tikitin kansa ba, abin da take so shi ne mai ziyara ya gamsar da jami'i cewa zai tafi a ƙarshen ziyararsa kuma yana da kuɗin tafiyar.

Yankin Schengen na Turai, mai ƙasashe 29 da suka cire binciken kan iyaka a tsakaninsu, yana da nasa tsarin. Sashe na 6 na dokar kan iyakokin yankin, ta 2016, ya ce baƙo ya bayyana dalilin zuwansa, ya kuma mallaki abin da zai ishe shi zama da komawa ƙasarsa ko wucewa wata ƙasa da za ta karɓe shi, kuma tikitin dawowa yana cikin takardun da jami'i zai iya nema. Zaman bai wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180 ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi tikiti daga Faransa zuwa Italiya a ɗauka an samu shaidar fita, alhali kuwa ƙasashen biyu a cikin iyaka ɗaya suke, don haka mutum bai fita ko'ina ba.

Akwai waɗanda galibi wannan tambaya ba ta shafe su ba: ɗan ƙasa mai komawa gida, da mai takardar izinin zama, da mai bizar karatu ko ta aiki ta dogon lokaci. Su ma dai su riƙe takardar a hannu, kada su kulle ta a cikin jakar da za ta shiga ƙarƙashin jirgi.

To, mene ne mafita ga wanda da gaske bai san ranar dawowarsa ba? Hanya mafi tsabta ita ce sayen tikitin da ake iya sauya masa rana ko a soke shi a karɓi kuɗi, bayan an karanta sharuɗɗansa da kyau, domin wasu kamfanoni suna cire wani kaso, wasu kuma takardar bashin tafiya suke bayarwa maimakon kuɗi. Hanya ta biyu ita ce tikiti mai rahusa zuwa ƙasa maƙwabciya, da sharaɗin kana da izinin shigarta, kuma ranarsa tana cikin wa'adin da aka ba ka. Tikitin mota ko na jirgin ƙasa da ke ƙetare iyaka wasu suna karɓa, wasu ba sa karɓa, saboda haka a tambayi kamfanin jirgin a rubuce kafin ranar tafiya. Yana da kyau kuma a kwatanta farashi, domin a tafiye-tafiye masu nisa tikitin zuwa da dawowa wani lokaci bai fi na zuwa kaɗai tsada sosai ba.

Abin da nake roƙon masu kallo su guje wa shi ne tikitin bogi. A intanet akwai masu haɗa takarda mai kama da tikiti, da tambarin kamfani da komai, alhali babu wata kujera a bayanta. Galibi tikitin jirgin sama na gaskiya yana da lambar ajiye kujera mai haruffa da alƙaluma shida, da lambar tikiti mai alƙaluma 13, kuma bincika su ba ya ɗaukar ma'aikaci minti ɗaya. Wanda aka samu ba shi da tikitin fita, mafi yawan lokaci za a ce ya saya ya dawo layi. Wanda aka kama da na jabu kuwa ya shiga batun yaudara, kuma a Birtaniya yaudara wajen neman biza tana iya jawo haramcin shiga na shekara 10. Akwai kuma masu ajiye maka kujera ta gaskiya na kwana ɗaya ko biyu ba tare da an biya kuɗin tikitin ba. Wannan ajiya ce kawai, tana iya mutuwa kana sararin sama, kuma jami'in da ya nemi tikitin da aka biya ba zai karɓe ta ba.

Kafin ka biya kuɗin kowane tikiti, buɗe shafin ofishin jakadancin ƙasar da za ka je, ka karanta sharuɗɗan shiga na irin fasfonka, sannan ka duba shafin IATA na bayanan tafiya, wanda yake ɗauko bayanansa daga Timatic ɗin da ma'aikaciyar za ta duba. Ka yi haka ga ƙasar da za ka yada zango ma, domin ita ma tana iya neman tikitin wucewa ko bizar wucewa. A ranar tafiya kuma ka isa filin jirgi da wuri, da kwafin tikitin fitarka a takarda da kuma a waya, da adireshin masaukinka, da katin banki mai kuɗin da zai iya sayen wani tikiti nan take idan aka ƙi karɓar wanda ka kawo.